Tsohon Jirgi da Ruwa: Daga Dufuna Zuwa Busa

A watan Mayun 1987, wata huɗu kafin a yanke Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a bayan ƙauyen Dufuna, tsakanin Potiskum da Gashuwa, kusa da kogin Komadugu Gana. Da ya yi zurfin kusan mita biyar sai ya ci karo da wani abu mai tauri, wanda ya zamana itace ne sassaƙaƙƙe. Maimakon ya fasa shi ya ci gaba da neman ruwansa, sai ya je ya sanar da mai gari, magana ta yi ta hawa har ta isa ga gwamnatin Jihar Borno, domin a lokacin ba a ƙirƙiro Yobe ba tukuna, sai a 1991.

Abin da makiyayin ya taɓa kwalekwale ne, kuma har yau ba a tono wani jirgin ruwa da ya girme shi ba a duk nahiyar Afirka. Shekarunsa sun kai 8,000. Lokacin da aka aza tubalin farko na dalar Giza a Masar, wannan kwalekwale ya riga ya yi fiye da shekara 3,000 a kwance.

Idan tsohon jirgi ya faɗo hannun mutum, me zai yi da shi? Ko dai ya tsare itacen kamar yadda ya same shi, ya haƙura da ganinsa a kan ruwa, ko kuma ya yanke ruɓaɓɓen, ya yi faci, ya sake tura shi kogi. Tarihin Arewa yana da misalin kowanne, kuma akwai darasi a cikinsu ga jiragen da ke ɗaukar mutanenmu kasuwa a yau.

Tudun da ya raba ruwa biyu

Mai karatu na Bakori ko Funtua ko Malumfashi yana iya cewa ina ruwan ɗan ƙasar masara da auduga da zancen jirgi. Amsar farko tana bakinsa. Kalmar "jirgi" a Hausa ta jirgin ruwa ce tun asali. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, Bahaushe ya dubi abin ya ce jirgin ƙasa ne. Da jiragen sojan Ingila suka sauka Kano a 1925, ya ce jirgin sama ne. Ba a ara wa baƙo sunan abin da ba a sani ba. Haka nan "komi", wanda manomin rani ke cewa da ɗan fagen da ya gewaye da kunya don ya riƙe ruwa, mai kiwo kuma ke cewa da abin da yake zuba wa dabbobi dusa, shi ne dai sunan ƙaramin jirgin da aka fafe daga gungumen itace guda.

Amsa ta biyu tana ƙarƙashin ƙafarsa. Kudancin Katsina tudu ne da ruwa ke rabuwa a kansa. Kogin Sakkwato daga yankin Funtua yake tasowa, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima kusa da birnin Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kwara. Gabas kaɗan kuwa, da an shiga ƙasar Karaye, ruwan damina Chalawa yake bi, ya zama kogin Haɗeja, ya zama Yobe, ya ƙare a Tafkin Chadi, kuma kafin ya isa can Komadugu Gana ta Dufuna take shigo masa. Ke nan ruwan da ya sauka a gonakinmu, wani yana ɗaukar jiragen Sarkawa a yamma, wani yana ɗaukar na masuntan Yobe a gabas. Jiragen da za mu yi magana a kansu, ɗaya na gabas ne, ɗaya na yamma.

Abin da aka tono

Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Maiduguri ne suka fara zuwa wurin a ƙarshen shekarun 1980, suka tabbatar kwalekwale ne, suka ɗebi ɗan guntun itacen don gwaji. Cikakken tonon sai a 1994, ƙarƙashin jagorancin Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri da Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a wani aikin haɗin gwiwa da jami'o'in biyu suka daɗe suna yi kan tarihin yankin Tafkin Chadi. Lebura 50 suka yi mako biyu suna kwashe ƙasa kafin jirgin ya bayyana gaba ɗayansa. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita, kaurin jikinsa kusan santimita 5. Daga itacen maɗaci aka fafe shi, maɗacin nan dai da ke inuwa a bakin tsofaffin titunan garuruwanmu, wanda ake jiƙa ɓawonsa a sha don ciwon ciki.

Ɗakunan gwaji biyu a Jamus suka auna shekarunsa, kowanne da kansa. Dabarar ita ce, duk wani abu mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon daga iska muddin yana raye. Da ya mutu sai ɗaukar ta tsaya, wanda ke jikinsa kuma ya fara raguwa a hankali, rabinsa na ƙarewa duk bayan shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura, sai a lissafa yaushe aka sare itacen. Sakamakon ya nuna fiye da shekara 6,000 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

A wancan zamani ƙasar ba haka take ba. Sahara tana da ciyawa da tafkuna, da dorina da kada a wuraren da yau babu komai sai yashi. Tafkin Chadi kuwa ya kai girman da masana ke ƙiyasta shi da kusan murabba'in kilomita 350,000. Don mai karatu ya kwatanta, a 1963, lokacin da tafkin yake cike a idon iyayenmu, murabba'in kilomita 25,000 ne. Tsohon gaɓar wancan babban tafki yana nan har yanzu: doguwar jigawar yashi ce da ta ratsa Bama da Maiduguri ta miƙe arewa maso yamma. Mutanen Dufuna na wancan lokaci a ƙasar ruwa suke zaune, kifi da fito su ne rayuwarsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana shi ne kyan aikin. Goshin jirgin da bayansa duka an fiƙe su tsaf, jikinsa kuma an rage masa kauri daidai wa daida. A lokacin babu ƙarfe, babu gizago irin na masassaƙanmu, sai gatarin dutse. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sassaƙa turmi ya san wuyar fafe gungume ba tare da an huda shi ko ya tsage ba, balle gungume mai tsawon mita takwas. Breunig ya yi nuni da cewa irin wannan ƙwarewa ba ta ɗan koyo ba ce, dole an daɗe ana sana'ar kafin a kai ga haka. Wato wanda ya sassaƙa kwalekwalen Dufuna shi ma gado ya yi.

Me ya sa ba zai sake hawa ruwa ba

Tambayar da mutane kan yi ita ce, yaya itace ya yi shekara 8,000 a cikin laima bai ruɓe ba, alhali azarar ɗaki ba ta kai haka? Abin da ke cin itace, wato fumfuna da gara, yana buƙatar laima da iska a tare. Shi ya sa ginshiƙin rumfa daga daidai bakin ƙasa yake ruɓewa, inda yake jiƙewa yana bushewa, shi ya sa kuma jirgin katako ya fi lalacewa a layin da ruwa ke tsayawa a jikinsa da kuma cikinsa inda ruwan sama ke kwanciya. Kwalekwalen Dufuna a kan yashi aka same shi, jiƙe sharkaf, da shimfiɗun yumɓu a kansa da suka hana iska isa gare shi.

Sai dai tsirar tana da farashi. A tsawon waɗannan shekaru ƙananan ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatar iska sun yi ta cin naman itacen a hankali, ruwa yana maye gurbin abin da suka ci. Siffar tana nan, ƙarfin ya tafi. Ruwan da ke ciki shi ke tokare da jikin, kamar yadda iska ke tokare da taya. Idan aka fito da irin wannan itace aka bar shi a rana, musamman ranar Yobe, cikin ɗan lokaci zai motse, ya karkace, ya tsattsage, kuma babu jiƙon da zai mayar da shi yadda yake. Da makiyayin nan ya sa an ja shi waje don mutane su yi kallo, da labarin ya ƙare a nan.

Maganin da masu adana kayan tarihi suka gano shi ne a musanya ruwan da wani abu da ba ya ƙafewa. Akwai wani sinadari mai kama da kakin zuma da ake kira PEG, wanda ke narkewa a ruwa. Ana jiƙa itacen a cikinsa ko a riƙa fesa masa, ana ƙara masa kauri sannu a hankali, har ya ratsa ko'ina ya zauna inda ruwa yake. Misalin da ya fi shahara shi ne Vasa, jirgin yaƙin ƙasar Suwidin da ya nutse a tashar Stockholm a 1628, a ranar da ya fara tafiya, aka ɗago shi a 1961. Shekara 17 aka yi ana fesa masa wannan sinadari, sannan aka yi wasu shekaru ana busar da shi a hankali, kafin a buɗe gidan tarihinsa a 1990. Yau yana tsaye cikakke, amma a cikin ɗaki mai daidaitaccen sanyi da laima, kuma ba zai ƙara taɓa teku ba, domin ruwa zai narkar da abin da ke riƙe da shi.

Wannan ita ce hanya ta farko. Kwalekwalen Dufuna an ɗauke shi daga raminsa an kai shi Damaturu domin adanawa, kuma shi ma ya yi sallama da kogi. An sami itacen, an rasa tafiyar.

Rabi da rabi a Sansandin

Hanya ta biyu ta fito ne daga wani labari da yawancinmu muka karanta a firamare, amma aka fi nanata mana ƙarshensa. Mungo Park, likita ɗan Sikotilan, ya fara ganin kogin Kwara a Segu, cikin ƙasar Mali ta yau, a 1796. A 1805 gwamnatin Ingila ta sake turo shi don ya bi kogin har inda ya ƙare. Shirin shi ne a tafi ta ƙasa daga Gambiya, idan an isa kogi kafintocin da aka taho da su su ƙera jirage. Amma tafiyar ta faɗa cikin damina. Zazzaɓin cizon sauro da atuni suka yi ta ɗauke mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin sojoji 34 da kafintoci 4 da suka baro Gambiya, sojoji 6 da kafinta 1 ne kaɗai suka ga kogin a watan Agusta, su ma a galabaice.

Babu masu ƙera sabon jirgi, sai Park ya nemi taimakon Mansong, sarkin Bambara na Segu. Abin da ya samu a garin Sansandin tsofaffin jirage ne, kowanne rabinsa ya ruɓe. Shi da soja ɗaya mai sauran ƙarfi, Abraham Bolton, suka zauna suka cire ruɓaɓɓen, suka toshe hudoji, suka haɗa lafiyayyen rabin wannan da lafiyayyen rabin wancan. Kwana 18 suka yi a kan aikin. Abin da ya fito jirgi ne mai shimfiɗaɗɗen ciki, tsawonsa ƙafa 40, faɗinsa ƙafa 6, wanda ko an yi masa lodi ƙafa ɗaya kawai yake nutsewa. Park ya yi masa rumfa da fatun shanu don kare mashi da kibiya, ya kira shi da sunan wani nau'in jirgin Turawa da iska ke turawa, ya kuma raɗa masa Joliba, sunan da mutanen Mande ke kiran kogin.

Yana da kyau a lura cewa dabarar ba daga Ingila ya zo da ita ba. Tun a tafiyarsa ta farko shi da kansa ya bayyana yadda masu fiton Segu ke fafe manyan itatuwa biyu su haɗa su baki da baki, mahaɗar ta ratsa tsakiyar jirgin. A yankin da dogayen itatuwa suka yi ƙaranci, ɗinke jirgi da igiya tsohuwar sana'a ce. Bafaranshen nan René Caillié, wanda ya bi kogin daga Jenne zuwa tashar Tambutu a 1828, ya ga manyan jiragen kaya da aka ɗinke allunansu da igiya, ana toshe mahaɗunsu, ana kwarfe ruwa ba dare ba rana. A wurin mutanen Kwara jirgi abu ne da ake gyarawa kullum, kamar yadda ake yi wa ɗakin ƙasa yaɓe kafin kowace damina.

Joliba ya bar Sansandin a tsakiyar Nuwamban 1805 ɗauke da Park, da Laftana John Martyn, da sojoji uku, da bayi uku masu tuƙi, da wani ɗan jagora mai suna Amadi Fatuma. Jirgin da aka haɗa daga ruɓaɓɓu ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,500. Ya ratsa tafkin Debo, ya wuce tashar Tambutu, ya wuce Gao, ya shigo ƙasar Yawuri a farkon 1806, shekara biyu da fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Facin ya riƙe.

Abin da bai riƙe ba shi ne hulɗar Park da mutanen kogin. Kwara tana da masu ita. Kowane yanki da sarkinsa da masu fitonsa, kuma al'ada ita ce baƙo ya tsaya, ya yi gaisuwa, ya biya kuɗin wucewa, a ba shi wanda ya san hanya. Park ya yanke shawarar ba zai sauka ba, kuma duk jirgin da ya matso kusa sai a buɗe masa wuta. Labarinsa ya riga shi isa gaba. A Yawuri yarjejeniyarsa da Amadi Fatuma ta ƙare, ɗan jagoran ya sauka, jirgin ya ci gaba ba tare da wanda ya san ruwan da ke gaba ba. Ƙasa da Yawuri kuwa, a Busa, kogin yana matsewa tsakanin duwatsu yana gudu da ƙarfi. Nan Joliba ya maƙale, mutane suka taru a gaɓa da mashi da kibau, Park da sauran Turawan suka faɗa ruwa suka nutse.

Ruwayoyi sun saɓa kan dalilin harin. Amadi Fatuma, wanda aka gano a 1810, ya ce kyautar da Park ya aika wa Sarkin Yawuri ce wani basarake ya danne, sarki ya ɗauka an raina shi. Wata ruwayar kuma ta ce mutanen Busa sun zaci masu jihadi ne suka iso. Ko wacce aka ɗauka, ba itacen jirgin ne ya ci amanarsa ba. Wurin da abin ya faru yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji, wanda ya shanye tsohuwar Busa bayan kammala madatsar a 1968.

Shekara 45 bayan haka an sake yin irin wannan aiki a ɗaya gefen tudunmu. Ayarin da Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya biyo daga Tarabulus a 1850 ya taho da ƙaramin jirgi da aka ƙera a tsibirin Malta, aka rarraba shi gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma suka ƙetare Sahara da shi. A 1851, a zamanin Shehu Umar na Borno, abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya sa aka harhaɗa shi, ya raɗa masa Lord Palmerston, ya shiga Tafkin Chadi. Shi kam ya sauka a tsibiran Buduma, waɗanda mutanen gaɓa ke tsoro, suka karɓe shi, ya yi makonni yana zagayawa ya dawo lafiya. Zazzaɓi ne ya kashe shi a bakin tafkin a shekarar da ta biyo baya.

Tsofaffin jiragen da ke kan ruwa yau

Wannan ba zancen da ba ne kawai. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a kan Kwara kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kabi, a yankin nan dai da Joliba ya ratsa. Kaɗan ne aka ceto. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima da kuma tsufan jirgin. A ranar 30 ga Nuwamban wannan shekara wani jirgin ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure. Allah ya jiƙansu.

Bayan kowane irin wannan hatsari akan ji kiran a hana jiragen katako baki ɗaya. Amma mutanen da ke tsibiran Kainji da ƙauyukan bayan madatsai ba su da wata hanyar zuwa kasuwa ko asibiti, kuma jirgin ƙarfe ko na roba ya fi ƙarfin aljihun mai fito. Tsufa kaɗai ba ya nutsar da jirgin katako. Abin da ke nutsar da shi rashin gyara ne da ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Gyaran kuwa sananne ne, kuma kusan iri ɗaya ne daga Yawuri har Turai. Ana jawo jirgin tudu a kankare shi. Ana bin kowane allo da tsinin wuƙa ko ƙusa, inda ya shige da sauƙi ruɓa ce, sai a yanke har a isa lafiyayyen itace, domin fumfunar da aka bari a ƙarƙashin faci ci gaba take da cinta. Ana duba haƙarƙarin jirgin da ƙusoshin da suka riƙe alluna, don tsatsa takan cinye su daga ciki alhali kawunansu na nan ƙalau. Sannan a cusa zare ko tsumma a mahaɗun alluna a bi da kwalta. Masu ƙera jiragen katako a ƙasashe da dama da zaren auduga suke wannan toshiya, irin audugar da Funtua da Malumfashi suka yi suna da ita. A ƙarshe ba a yi wa jirgin lodi ranar da aka mayar da shi ruwa. Itacen da ya bushe ya motse, mahaɗunsa sun buɗe, sai ya kwana a ruwa ya kumbura kafin su rufe.

Jiragen yau sun fuskanci abin da na da ba su fuskanta ba. Kwalekwalen da aka fafe daga gungume guda ba shi da mahaɗa, amma manyan itatuwan da za a fafe sun yi ƙaranci, shi ya sa aka koma haɗa alluna da ƙusa. An kuma ɗaura musu inji, wanda girgizarsa ke sassauta ƙusoshi, ƙarfinsa kuma ke ba da damar ɗaukar babura da buhunan hatsi da mutane a tafiya guda. Ga kututturan itatuwan da madatsai suka shanye suna jira a ƙarƙashin ruwa. Irin wannan jirgi ya fi na kakanni buƙatar dubawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jawo kowane jirgin haya tudu sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya cika, a duba shi a gaban Sarkin Ruwa da jami'in hukuma, a zana masa layin da lodi ba zai wuce ba, abu ne da bai kai kuɗin jana'iza ɗaya daga cikin waɗancan ba.

Hanya ta uku

Akwai wata hanyar mayar da tsohon jirgi ruwa ba tare da an taɓa shi ba. A 1955, ana gina babbar hanya kusa da ƙauyen Pesse a ƙasar Holan, aka tono wani ɗan kwalekwale mai tsawon kusan mita uku, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 10,000. Shi ake ɗauka mafi tsufa a duniya. Wasu masana suka ce ai ba jirgi ba ne, ya yi ƙanƙanta, abin zuba wa dabbobi abinci ne. Bahaushe da ke kiran duka biyun komi zai fahimci gardamar. A 2001 wani masanin tarihi mai suna Jaap Beuker ya sa aka sassaƙa irinsa sak, aka sa shi a ruwa, mutum ya shiga ya tuƙa. Na asalin yana nan a gidan tarihi na garin Assen, kwafin kuma ya amsa tambayar da na asalin ba zai iya amsawa ba.

Masar ta bi ta wata hanya mai kama da wannan. Jirgin Fir'auna Khufu da aka gano a wani rami kusa da babbar dala a 1954 a warwatse aka same shi, gunduwa 1,224. Ahmad Yusuf Mustafa, wanda aka danƙa wa haɗa shi, sai da ya je ya zauna da masu ƙera jirage na bakin Nilu ya koyi sana'arsu, sannan ya yi fiye da shekara goma yana aikin. Ilimin da ya ta da jirgin shekara 4,500 a hannun masu sana'a masu rai ya same shi.

Mu ma muna da su. Akwai masassaƙa a bakin Yobe da Haɗeja, akwai masu haɗa jirage a Yawuri, akwai Sarkawan Argungu da ke tseren kwalekwale a bikin kamun kifi, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Jami'o'inmu na iya zaunar da irin waɗannan mutane a gaban gungumen maɗaci da ma'aunin kwalekwalen Dufuna, a ba su gatarin dutse, a rubuta kwana nawa aikin zai ci, mutum nawa jirgin zai ɗauka, yaya yake tafiya a ruwa mai gudu. A dasa maɗatai a madadin wanda aka sare. A tura shi Komadugu Gana idan ta kawo ruwa, yaran makaranta suna kallo, kowa da rigar kariya a jikinsa. A kuma ɗauki bayanin masassaƙan nan a rubuce da kuma a bidiyo tun suna da rai, domin yumɓu ya tsare mana itace shekara 8,000, amma babu yumɓun da ke tsare abin da ke kan tsoho idan ya tafi bai koyar ba.